Katunan Rakhi a Shagon Mu'allim Mohan

Ranar Juma'ar da ta wuce, da kuka zo gaishe ni, na ji Safiyya tana ce wa ƙanenta wai za ta fara yin katunan hannu tana sayarwa ta waya, tunda aikin bai wuce a ninke takarda, a shafa gam, a liƙa fure ba. Da Larabci ta faɗa, da sauri, ta ɗauka hankalina yana wajen baƙi. Na ji. Yau tunda kun dawo kuma babu kowa sai mu, bari in ba ku labarin aikin da Hausa. Abin da ya shige muku duhu, ku tambayi uwarku in kun koma gida.

Katin farko da aka bar ni na yi ni kaɗai bai kwana lafiya ba. Na yanka farar takarda, na ninke, na shafa ƙaro, na kwantar da jan ƙyalle a tsakiya, na zagaye shi da zaren zinare. Da la'asar ya yi kyau, har ina ɗaga shi ina juyawa. Washegari da muka buɗe shago na tarar ya lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana, jan ya zuba cikin farin, gefe guda ya ɗage. Maigidana bai yi faɗa ba. Ya buɗe ƙofa, ya ce in fita in tsaya a bakin titi. Watan Agusta ne, iskar teku ta jiƙe sharkaf da laimar da Larabawa suke ce wa ruɗuba, nan da nan riga ta manne mini a baya. Ya ce da ni, da irin Larabcin nan nasa na kasuwa: "Usman, ka ji ta? Da ita za ka yi aiki. Wanda bai san ruɗuba ba, bai san takarda ba."

Sunansa Mohan, amma kowa Mu'allim yake ce masa. Ba'indiye ne, mabiyin addinin Hindu, gajeren mutum, tun ina saurayi yake da furfura. Shagon yana wani lungu a unguwar Bagdadiyya, nan Jidda, bayan layin ofisoshi, da sunan wani ɗan ƙasa da yake kafilinsa, wato mai tsaya masa wajen hukuma, wanda ba ma cika ganinsa ba sai lokacin sabunta iƙama, takardar izinin zama. A gaba ana sayar da biro da fayil da littattafan 'yan makaranta. A ciki, bayan labule, akwai tebura biyu. Nan muke ɗinkin littafi da katin gayyatar aure da katin Idi, kuma da su ake cin abinci duk shekara. Amma aikin da Mu'allim ya ɗauka nasa, wanda saboda shi mutane suke tasowa daga nesa, shi ne katin Rakhi.

Rakhi biki ne na 'yan Hindu da yake faɗowa a tsakiyar zafi, ranar da wata ya cika. A ranar mace takan ɗaura wa ɗan'uwanta zare a wuyan hannu, ta ba shi alawa, shi kuma ya yi mata kyauta, ya yi alkawarin tsaya mata duk inda take. To ga mutanensu cike da Jidda, leburori da direbobi da teloli da nas-nas a asibiti, kowa ya baro 'yan'uwansa a ƙauye. Matan da suke nan suna neman katin da zai ɗauki zare ya kai wa ɗan'uwa a can. Mazan da zare ya zo musu suna neman katin amsa. Ba a yin bikin a fili a garin nan, babu mai kafa alama a ƙofar shago. Wani ne yake gaya wa wani. Mutum zai shigo ya sayi biro ɗaya, ya tsaya yana kallon labule, sai mu gane.

Ni a unguwar Ruwais aka haife ni. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano don aikin hajji, ya yi shekaru a hanya, bai koma ba. Babana dako yake yi a tashar jirgin ruwa. Na bar makaranta da wuri, wani maƙwabcinmu ya kai ni shagon don shara da ɗauko shayi. Da labari ya kai kunnen Baba cewa ina taɓa kayan bikin waɗanda ba Musulmi ba, sai ya hana ni fita. Bayan kwanaki, da yamma, sai ga Mu'allim a ƙofar gidanmu da jaka a hannu. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, ya jera katunan a gaban Baba. Baba ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa ciki da baya, bai ga hoton abin bauta ba, sai fure da ganye da zare. Ya sa yatsa a kan rubutun ya tambayi abin da aka ce. Mu'allim ya fassara masa: ɗan'uwana, ina tuna ka, ka kula da kanka. Baba ya ajiye katin. Yana da yaya mace da aka aurar a Sudan suna kan hanya, bai ƙara ganinta ba. Daga ƙarshe ya ce wannan ai zumunci ne, ya gindaya sharaɗi biyu: hannuna ba zai zana abin da ake bauta wa ba, kuma in an kira salla a sake ni. Mu'allim ya ce na farkon dama ba ya yi a ƙasar nan, na biyun kuma shi zai riƙa tunasar da ni. Haka kuwa ya yi. In na shagala da aiki sai ya ƙwanƙwasa tebur ya ce, "Yalla, salla."

Shekarata ta farko a tebur, yanka kawai nake yi. Aska, mastara ta ƙarfe, wato rula, da katako a ƙasa. Takardar da muke aiki da ita ta auduga ce, ta hannu, daga Indiya ake kawo ta, tana da kauri, gefenta ba ya da santsi. Kowace takarda tana da hanyar da take son a ninke ta. In ka bi hanyar, za ta kwanta. In ka gitta, bayan katin zai tsage kamar faso. Ido ba ya ganin hanyar, sai ka ɗan lanƙwasa takardar tsakanin tafukanka ka ji inda ta yi laushi. Abin ninkewa wani ƙashi ne mai faɗi da ya sha hannu har ya yi sheƙi. Da shi ake jan layi, da shi ake danne ninki. Farce yana barin tabo, bayan almakashi yana barin baƙi.

Gam ɗin kanti ba ya shiga shagonmu. Ƙaro muke saye wajen 'yan Sudan, mu jiƙa ya kwana, mu tace da tsohon ƙyalle, mu ɗiga man kanumfari don kada ya yi funfuna. A lokacin sanyi ana yinsa da ruwa-ruwa. A lokacin Rakhi kuwa sai ya yi kauri, a shafa kaɗan, don iskar ma ruwa ce. Duk abin da ka liƙa a fuskar kati, sai ka liƙa wa bayansa siririyar takarda, in ba haka ba gefe ɗaya zai ja ɗaya, abin da ya sami katina na farko ke nan. Daga nan a jera su tsakanin allunan kwali, a ɗora tsohon dutsen guga irin na gawayi, a bar su. Wanda ya ɗaga dutsen don ya leƙa ya ɓata aikin.

Zaren ma mu muke murzawa, alharini ja da rawaya, a tsakiya a ɗinka ɗan fure da duwatsun ado ko ƙaramin madubi. Kowane ƙunshin zare da aka kawo, sai mun yanki kaɗan mun jiƙa mun goga a farin ƙyalle. In ya zuba, a mayar wa mai shi. Mutumin da za a ɗaura wa yana aiki a gona ko a cikin damina, ba za ka aika masa abin da zai rine masa hannun riga ba. Kuma ba a liƙa zaren a jikin kati. Tsaga biyu ake yi ƙanana, a zura shi, yadda zai zauna a hanya amma ɗan'uwa ya iya zare shi ba tare da ya yaga katin ba. Matan sukan so a saka 'yan ƙwayoyin shinkafa da jan garin nan da suke ɗigawa a goshi. Wannan garin ba ya da imani. In ya sami kafa kamar ta allura, sai ya bi katin duka. A takarda mai kakin zuma muke ƙulle shi, ninki uku. Sannan furen ba zai yi tudu ba, saboda injin gidan waya yana murƙushe duk abin da ya taso. Na ga katin da ya isa da madubi a farfashe, mai shi ta dawo tana kuka, wai ɗan'uwanta ya ce muguwar alama ce.

Rubutu aikin Mu'allim ne. Da yawa daga cikin leburorin ba su iya ba, sai su tsaya a kansa suna faɗa yana rubutawa da alƙalamin tawada. Ni har yau ba na karanta rubutunsu. Amma da hannunsa ya fara rawa, sai ya koya mini jimloli kaɗan da aka fi nema, in zana su kamar yadda ake zana aska a wuyan riga: a ja layi a sama, a rataya haruffa a ƙasansa. Na san wannan zanen yana cewa ina tuna ka, wancan yana cewa 'yar'uwa, zarenki ya iso. Iyakar karatuna ke nan.

Akwai wani lebura, Gopal, yana aikin gini a Abhur. Ya zo wata Juma'a da zaren ƙanwarsa ɗaure a hannu, ya ce yana son a zana hannunsa a cikin kati da zaren a jiki, don ta ga ya iso kuma ya ɗaura. A lokacin babu waya mai hoto. Na shimfiɗa takarda, ya ɗora hannun dama. Yatsu uku ne. Biyun injin kwaɓa siminti ya cinye su, wurin ya warke ya yi ƙulli. Na bi gefen hannun da fensir yadda yake. Ya duba, ya girgiza kai, ya yi magana da yarensu. Mu'allim ya amsa masa, suka ɗan ja maganar, murya ƙasa-ƙasa. Daga baya na ji cewa Mu'allim yana ba shi shawara ya faɗa wa gida gaskiya, shi kuma yana cewa in suka sani za su ce ya dawo, kuma ba a gama haɗa kayan auren yarinyar ba. Sai Mu'allim ya juyo ya ce mini, "Zana biyar." Na ɗora nawa yatsun a gurbin na cike. Shekara da shekaru yana zuwa, kullum biyar nake zanawa. Wata shekara bai zo ba, abokansa suka ce ya koma gida. Yadda ya yi ya miƙa mata hannun, ban sani ba.

Akwai kuma Sista Shanti, nas ce a wani asibiti. Kowace shekara kati biyu take saye, iri ɗaya sak, don 'yan'uwanta maza biyu ne kuma ba ta son ɗaya ya ce an fifita ɗaya. Har na saba, ina ganinta nake ciro biyu. Wata shekara ta shigo ta ce a ba ta ɗaya. Na riga na miƙa hannu ga na biyun, bakina ya buɗe zan yi mata wasa, sai na ji ƙafar Mu'allim a kan tawa a ƙarƙashin tebur. Na mayar da shi. Ta zaɓi mara ado sosai, ta tafi. Bayan ta fita ya ce mini a wannan sana'a ba a tambayar mutum don me ya rage. Wannan ba ya cikin abin da ake koyo da aska da mastara, kuma ya fi su wuya.

Kasuwar ba rana ɗaya ta mutu ba. Da farko katunan inji suka shigo, masu ƙyalli, masu araha, a leda. Muka rasa matasa, dattawa suka tsaya. Sai waya ta zo. Mutum zai shigo ya ce a nuna masa kati, ya ɗaga shi wajen haske, ya ɗauki hotonsa, ya tura wa 'yar'uwarsa a gabanmu, ya ajiye mana abinmu ya ce shukran. Mu'allim ba ya hanawa. Yakan goge wurin da yatsa ya taɓa ya mayar cikin akwati. Duk da haka akwai waɗanda suka san zare ba ya bin waya, su suka riƙe mu.

Sai shekarar korona. Al'adarmu tun ana sauran watanni muke fara aikin Rakhi, don saƙo yana daɗewa a hanya. Mun riga mun cika akwatuna, mun jera a ɗakin ciki, sai aka ce kowa ya rufe ya zauna a gida. Muka kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, muka ja ƙofa, a zatonmu mako biyu ne. Ni ina Ruwais, shi yana ɗakinsa a saman shagon, shi kaɗai. Muna waya kullum. Yakan tambaye ni yara, in tambaye shi abinci. Wata rana na ji yana tari, ya ce ƙura ce. Bayan kwana kaɗan ya daina ɗauka. Na kira kafili, kafili ya kira motar asibiti. Ba a bari a shiga wajen masu cutar. Sista Shanti ce ta bi ta hanyar abokan aikinta ta gano inda aka kwantar da shi, ita take gaya mini halin da yake ciki, kuma ita ta kira ni da safe ta ce shi ke nan, ya rasu.

Su a addininsu ƙona gawa ake yi, a garin nan kuwa ba a yi. Jirgi babu, balle a kai shi gida. Aka binne shi a maƙabartar waɗanda ba Musulmi ba, ba a bar kowa ya raka shi ba. Mutumin da na zauna tebur ɗaya da shi fiye da shekara talatin, ban ga inda aka sa shi ba.

Da aka sassauta, kafili ya ba ni makulli ya ce in duba shago in kwashe kayan ɗakin. Ina ɗaga ƙofa wari ya tare ni. Watanni babu mukayyif, zafi da ruɗuba sun yi abin da suka ga dama. Katunan sun manne da juna sun zama bulo. In ka ɓamɓaro ɗaya sai fuskar na ƙasa ta biyo shi. Funfuna baƙa da kore ta bi gefuna, zaren zinaren ya yi tsatsa, madubai sun dushe. Na zauna ina tsincewa ko zan sami na kirki, na sami abin da bai cika hannu ba, su ma suna wari. Ko da sun tsira babu inda za su je, gidan waya ba ya karɓar saƙon waje, rabin masu sayen kuma an sallame su daga aiki suna jiran jirgin komawa. A buhunan shinkafa na zuba aikin rabin shekara na kai bola.

A ɗakinsa babu kaya da yawa: katifa, tukunya biyu, riguna. A kan taga akwai gwangwanin biskit. Na san shi. Mu'allim yana da yaya mace a ƙauyensu, Didi yake ce mata. Kowace shekara zarenta yana zuwa ta akwatin gidan waya na shago, ba zaren kanti ba ne, ita take murza shi da hannunta, mara ado, ja da rawaya kawai. Ranar bikin yakan roƙi ɗaya daga cikin matan da suke zuwa, galibi Sista Shanti, ta ɗaura masa a madadin Didi. In ya kwana biyu a hannu ya fara saki, sai ya kwance ya jefa a gwangwanin. Na buɗe, ga su nan tun na farkon zuwansa, waɗansu sun koɗe sun zama launin ƙasa.

Na wannan shekarar ya iso a makare, bayan bikin ya wuce da nisa. Ta aiko shi tun kafin ya kwanta, ya tsaya a hanya. Na kai wa Sista Shanti ambulan ɗin ban buɗe ba. Ita ta nemo lambar jikan Didi, ta kira, muka ga tsohuwar a waya, ƙanƙanuwa, da farin mayafi, tana kara fuska kusa da gilashin. An riga an gaya mata rasuwar. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta yi tambaya ɗaya, Sista Shanti ta amsa mata da doguwar magana. Daga baya na tambaye ta abin da tsohuwar ta ce. Ta ce tambaya ta yi ko akwai wanda ya ba shi ruwa a ƙarshe.

"Me kika ce mata?"

"Na ce akwai," in ji ta. "Nas ba ta barin mutum da ƙishi, Usman. Wannan na sani, ko ban gani ba."

Aikin da na yi bayan nan shi ne mafi wuya a duk rayuwata ta tebur. Na yi niyyar mayar wa Didi zarurrukanta, amma ba a gwangwani ba. Na samo takardar auduga mafi kauri da ta tsira, na yi kati babba mai ninki uku. Tsofaffin zarurrukan sun bushe, in ka ja kaɗan sai su tsinke, ƙaro kuwa zai cinye su. Sai na kwantar da kowanne a kan takarda, na huda gefe da gefe da siririyar allura, na ɗaure shi da zare fari mai laushi, ɗinki kaɗan-kaɗan, yadda za a riƙe shi ba a matse shi ba. Ban san wanne ya riga wanne ba, sai na bi koɗewa, mafi dushewa a sama. Waɗansu guntaye ne, na jera guntayen yadda suka dace. A can ƙasa na sa wanda ya iso a makare, sabo fil, launinsa har yana ɗaukar ido, babu alamar ƙulli a jikinsa. Ban yi rubutu ba, don a jimlolin da na iya babu wadda ta dace. Da jirage suka fara tashi, Sista Shanti ta ajiye aiki ta ce ta gaji. Ita ta tafi da katin a jakar hannunta.

Na ci gaba da riƙe shagon ni kaɗai, ina sayar da biro, ina ɗinkin littafi. Da zafi ya zagayo na je buɗe akwatin gidan waya sai na ga ambulan irin wanda na sani, amma sunana ne a kai, an rubuta da haruffan boko, hannun yaro. Ciki zare ne ja da rawaya, mara ado. Ban ɗaura ba, ba addinina ba ne, kuma ina jin ita ma ta san haka. Amma na san abin da ake yi in zare ya zo wa mutum. Na yanka takarda, na ninke, na ja layi a sama, na rataya haruffan da aka koya mini: 'yar'uwa, zarenki ya iso. Na haɗa da ɗan yadin mayafi fari na aika. Shekarar da ta biyo ma ya zo, na amsa.

Sannan aka zo aka shafa jan fenti a bangon lungunmu, alamar a tashi za a rushe. Kun san wannan, ku ma ya taɓa ku. Kafili ya ce ba zai buɗe wani wuri ba, ya soke rajista, ya rufe akwatin gidan waya. Na kwashe aska da mastara da dutsen guga na dawo da su nan ɗakin. Inda shagon yake yanzu fili ne, ko lungun ba za ka gane ba. Na rubuta wa Didi sabon adireshi, wani telan Ba'indiye ya taimake ni. Na gwada lambar jikanta, an ce ba ta aiki. Ta Sista Shanti ma ta canja tun da ta koma. Tun daga wannan shekara zare bai ƙara zuwa ba. Ko yana zuwa ya tarar babu akwati, ko mai murzawar ce babu, Allah ne masani.

Yanzu masu nemana ba su da yawa. Dattawa ne kaɗan da suka san gidan nan, sukan zo su zauna inda kuke zaune, in yi musu abin da suke so. Idona ya rage, hannuna ma ba kamar da ba, kati ɗaya yakan cinye mini yini. Amma duk shekara in watan ya matso, nakan yi na Didi tukuna, da jimlar nan guda, ko da zaren bai iso ba, don ita kaɗai na iya da ta dace da ɗan'uwa.

Bana da na kai gidan waya, ma'aikacin ya gane ni. Saurayi ne, ya ga adireshin ya ce, ya ammi, wato baffa, kullum kana aikawa nan, suna amsawa kuwa? Na ce a'a. Ya ce in babu mai karɓa ai da an dawo mini da shi, tunda adireshina yana baya. Na ce ko sau ɗaya bai dawo ba. Ya buga hatimi, ya jefa shi cikin kwando, ya ce to akwai mai karɓa ke nan.

Na ce akwai. Na karɓi rasit na fito.